Gawayi, Kanumfari ko Turaren Wuta: Wanne Ya Fi Dacewa da Durowar Kaya a Legas?

Duk matar da ta taso a Kano, Gusau ko Maiduguri, in aure ko aiki ya kawo ta Legas, ba ta daɗewa take fara faɗa da durowarta. Kaya ne wankakku, an goge, an turara, an jera su tsaf, amma bayan 'yan kwanaki in ta jawo durowar sai warin rima ya tarye ta. Ta ƙara turare, ta ƙara humra, warin yana nan daram, sai ma ya gauraya da ƙamshin ya koma wani abu mai hawa kai. Ba ƙazanta ba ce, kuma mai turaren ba ta cuce ta ba. Iskar garin ce ta bambanta da wadda aka baro a gida.

A Arewa busasshiyar iska ce ke yi mana rabin aikin ba tare da mun lura ba. Da rana a lokacin hunturu laimar iskar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a shanya zani kafin a gama wanke na biyu ya bushe ƙarau. Legas kuwa tana zaune ne tsakanin teku da tafki, kusan duk shekara laimar safiya tana haura kashi 80, ruwan da ke sauka a shekara ya wuce milimita 1,500. Damina na kamawa tun wajen Afrilu har Oktoba, ta fi tsanani a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta sannan ta dawo. Ita kuwa funfuna abin da take so ke nan: wuri rufaffe, mai duhu, wanda laimarsa ta zauna sama da kashi 70, ga kuma abin ci. Abin cinta ba komai ba ne illa audugar kayanmu, da sitacin da muke zuba wa shadda da atamfa, da ragowar gumi a wuyan riga, da katakon durowar kansa. In durowar ta matsattsen garin katako ce, irin wadda kafintoci suka fi yi yanzu saboda araha, to ita ma tana shan laima ta kumbura ta riƙe wari.

Saboda haka kafin a ce wanne ya fi, sai an raba magungunan gida biyu. Akwai masu janye laima da wari, akwai masu sa ƙamshi. Yawancin asarar da ake yi a unguwannin Legas irin su Agege da Idi-Araba da Obalende ta samo asali ne daga kashe kuɗi a kan kashi na biyu alhali na farkon ne ake buƙata.

Mu fara da masu janyewa, kuma a cikinsu gawayi nake sa wa a gaba. Jikin gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ne ke kama wari su riƙe, su kuma tsotsi laima daidai gwargwado. Ba shi da ƙamshin kansa, don haka ba ya faɗa da turaren da kike so kayanki su ɗauka. Ga shi a ko'ina, duk unguwar da ake gasa masara ko tsire akwai mai sayar da shi kusa. A zaɓi manyan dunƙule masu nauyi, a kakkaɓe ƙurar, a shanya su a rana su bushe sosai, sannan a sa uku ko huɗu a tsohuwar safa a ƙulle, a sake sakawa cikin wata safar ko a ajiye cikin ƙaramar roba marar murfi a kusurwar durowa. Ninkin nan na biyu ba ƙawa ba ne, don garin gawayi in ya taɓa farar shadda sai an sake wanki. Aibinsa shi ne yana ƙoshi. In ya sha ya cika ba ya ƙara komai, dole duk bayan sati biyu zuwa uku a fito da shi ya sha rana mai zafi, in babu rana a ɗumama shi a kan murfin tukunya. Akwai kuma wani nau'in gawayi da ake sarrafawa a masana'anta, wanda ramukansa suka ninka na gida nesa ba kusa ba, ana sayar da shi a ƙananan jakunkuna a manyan kantuna. Ya fi ƙarfi, babu musu, amma na mai tsire in an sa da ɗan yawa yana yin aikin durowa.

Bekin soda, wadda mata ke sawa a cincin da kek, ita ce kishiyar gawayi a wannan fage, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Soda ta fi gwaninta a kan wari mai tsami: warin gumi, warin safa, warin durowar da yara ke cusa kayan makaranta ba a wanke ba. Tana kashe tsamin ne, ba rufe shi take yi ba. Amma wajen shan laima rarrauna ce, a Yuli cikin 'yan kwanaki sai ki tarar ta dunƙule ta yi tauri, daga nan amfaninta ya ragu. Ana zuba cokali huɗu ko biyar a ƙaramin kofi, a rufe bakin da ƙyalle a ɗaure da roba, a canza duk wata. A kula, ba ita ce bekin fauda ba. Waccan an haɗa ta da wasu abubuwa da sitaci, ba ta da amfani a nan. Wasu kan ce ai kanwa ma 'yar'uwarta ce, me zai hana a sa ta? Dangi ne, gaskiya, sai dai kanwa ta fi kaifi, ga ƙasa a jikinta, in ta jiƙe ta taɓa rinanniyar shadda za ta iya barin tabo. A bar ta a kicin.

To gawayi ko soda? In warin na rima ne, wanda ake ji har a jikin katako da bango, gawayi. In na jiki ne, a durowar singileti da safa da ɗan kamfai, soda. Wadda za ta iya haɗa su biyun ta huta.

Gishiri da shinkafa ana yawan ambatonsu, ni dai ban ba da shawararsu ba. Gishiri yana jan ruwa, kowa ya ga yadda yake jiƙewa a robar kicin da damina. Matsalar ita ce da laima ta kai wajen kashi 75 sai ya fara narkewa ya zama ruwan gishiri, in ya zube ya ci ƙarfen durowa da zif da maɓalli da tsatsa. Shinkafa kuma shanta kaɗan ne, ga gayyato ƙwari da ɓera, a wannan tsadar ma wa zai zuba shinkafa a durowa? Abin da ya fi su duka kyauta ake samunsa: 'yan ƙananan ƙullin nan masu ƙwayoyi kamar tsakuwa da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko jaka, wato silika. Tana iya shan ruwan da ya kai kusan kashi 40 na nauyinta, ba ta narkewa, ba ta tabo, in ta ƙoshi a ɗumama ta a hankali ta dawo sabuwa. Duk wanda yake da ɗan'uwa mai shagon takalma a kasuwar Balogun ya roƙe shi ya riƙa tara masa. Ba haɗin gida ba ne, amma ga akwatin huluna da jakunkunan fata ban san abin da ya kai ta ba. A dai nisanta ta da yara.

Duk waɗannan ba za su yi tasiri ba in funfunar ta riga ta kama katakon. A irin wannan hali sai an kwashe kaya kaf, a ciro durowar waje, a goge ciki da bayanta da farin khal, wato binega, wanda tsaminsa ke wajen kashi 5 cikin ɗari, a bar ta a rana ko gaban fanka har warin khal ɗin ya fita. Kada a haɗa khal da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, haɗin yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. Haɗa shi da soda kuma ɓarna ce kawai, kumfa za ta tashi ta burge ido, amma kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Sannan a janye sif ko durowar daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, musamman bangon da ke haɗe da banɗaki ko wanda ruwan sama ke duka. Masu zama a ƙasan bene a wuraren da ruwa ke kwanciya, irin su Ijora da Ajegunle da wasu sassan Lekki, su ɗora ƙafafun a kan bulo ko katako. Ledar da masu wanki da guga ke sako kaya a ciki a cire ta da an iso gida, don tana kulle tururin guga a jikin tufa.

Yanzu sai masu ƙamshi, inda ra'ayi ya fi rabuwa.

Kanumfari shi ne zaɓina na farko a cikin durowa, kuma dalilin ba daɗin ƙamshi kaɗai ba ne. Busasshe ne ƙarau, ba ya ruɓewa, man da ke cikinsa yana da sinadarin da funfuna da ƙwari ba sa so, shi ne dai wanda ke sa ya kashe zafin ciwon haƙori. Cikin cokali biyu a ƙulle a ƙyallen atamfa ya isa durowa guda, yana kai wata biyu ko fiye, in ƙamshin ya yi sanyi a ɗan daddaka shi a mayar. Masu kayan yaji a Mile 12 da Oyingbo da kasuwar Agege ba sa rasa shi. Aibinsa biyu ne. In ya taɓa farin yadi kai tsaye ga laima, yana barin ɗigon tabo ja-ja, don haka ƙullin ya zama mai kauri. Na biyu, ba kowane maigida ne ke son rigarsa ta riƙa ƙamshin kunun kanwa ba. Ga irin wannan sai a rage kanumfarin a haɗa da ɓawon kirfa, ko a koma ga kajiji.

Kajiji, saiwar nan da 'yan Borno ke sawa a haɗin turaren wuta, ban ga ana ba shi haƙƙinsa a durowa ba. Ƙamshinsa a kwance yake, ba ya hawa kai, kuma yana zama lafiya da kowane irin turare da za a fesa daga baya. Ana ɗan farfasa shi a ƙulle kamar kanumfari. Haka guntayen itacen sandal ko hawi waɗanda ba a jiƙa da mai da sukari ba. Sun fi kanumfari tsada, kuma sai an je wurin masu kayan ƙamshi na Arewa, amma ga durowar manyan kaya, leshi da shadda da mayafan fita biki, sun cancanci kuɗinsu.

Ɓawon lemo shi ne wanda ya fi yaudara. Kyauta ne, kowane mai lemo a bakin titi zai ba ki cike da leda, kuma ranar farko ƙamshinsa sai wanda ya ji. Amma busar da shi a Legas da damina aiki ne, in kuwa da sauran ɗanyantaka a jikinsa, shi da kansa zai yi koriyar funfuna a cikin durowar, an gudu ba a tsira ba ke nan. Ko ya bushe, ƙamshin ba ya wuce sati biyu. Wadda ta nace, ta busar da shi a kan wuta marar ƙarfi har sai yana karyewa ƙas, ko ta jira hunturu. Ganyen darbejiya kuwa ba don ƙamshi ake sa shi ba, don korar asu da kyankyaso ne, kuma yana da ɗan warin ɗaci. Ya dace da ƙasan adakar da ba a buɗewa sai shekara-shekara, in an shimfiɗa takarda a kansa. Shi ma sharaɗinsa bushewa, gara a sa a taho da busasshe daga gida.

Sabulun wanka mai ƙamshi a cikin kwalinsa dabara ce ta gwauraye da ɗalibai, kuma ba ta da laifi: ba wahala, ba tabo, in ƙamshin ya ƙare a yi wanka da shi. A guji dai mai sheƙi da ake hango haske ta cikinsa, don yana zufa in laima ta yi yawa. Humra da turaren mai kuwa, kada a ɗiga su a kan tufa ko katako. A jiƙa auduga a sa a ƙaramar kwalba marar murfi, ko a jefa kwalbar turaren da ta ƙare a kusurwa.

Sai babban, turaren wuta. Babu abin da ke cikin jerin nan da zai ba tufa ƙamshin da kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko a ɗora tufa a kai, ke bayarwa. Hayaƙin yana ratsa zare, ya zauna, har bayan an sa kayan an cire ana jin sa, kuma shi ne ƙamshin da muke ganewa da shi cewa ɗakin 'yar Arewa aka shiga. Amma a fahimci matsayinsa: na tufa ne, ba na durowa ba. Ba ya shan laima ko kaɗan, ba ya cire funfuna, kuma haɗin da aka dafa da sukari da mai in hayaƙinsa ya yi yawa yana sa fararen kaya su yi ja-ja a hankali. Masu cusa kasko da garwashi cikin sif su rufe ƙofa suna wasa da gobara, balle a gidan haya mai ɗakuna a jere inda wutar ɗaki ɗaya ta kowa ce. In akwai mai asma ko jariri a ɗakin, a yi turaren a waje ko a bakin taga. Tsarin da ya fi shi ne a tabbatar kayan sun bushe, a goge, a bari zafin guga ya huce, a turara a kan kabbasa, a sake bari su sha iska kaɗan, sannan a ninke. Kayan da aka sa a durowa da ɗuminsu suna yin gumi a ciki, nan ma wari ke farawa.

Na bar kafur a ƙarshe da gangan, don shi ne wanda kusan kowane gida ke da shi, kuma shi ne wanda zan ce a yi hattara da shi. Fararen ƙwallayen nan da ake sayarwa a leda yawancinsu ba daga itace suke ba, sinadari ne da ake kira naftalin wanda ake samu daga kwal da ɗanyen mai. Aikinsa a kan asu da kyankyaso ba a musunsa, ya fi darbejiya da kanumfari ƙarfi. Yadda yake ƙanƙancewa har ya ɓace, tururi yake zama, tururin ya shiga zaren tufa, daga nan ya shiga jiki ta numfashi da ta fata. Akwai wata matsalar jini ta gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga 'ya'ya maza, kuma yawancin masu ita ba su san suna da ita ba. Ga mai wannan matsala naftalin yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini. A jikin jariri sabon haihuwa abin kan fito a matsayin shawara mai tsanani, ido da fata su yi ɗorawa, in ba a gaggauta zuwa asibiti ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi a kan ajiye kayan jarirai da kafur, kuma Tarayyar Turai ta hana sayar da irin waɗannan ƙwallaye tun 2008. Abin da ya sa ya shafe mu sosai shi ne al'adarmu ta tara kayan haihuwa tun ciki yana ƙarami, a jera a akwati a zuba kafur don kada ƙwari su taɓa, ko a ciro na wa a sa wa ƙane. Wanki ɗaya ba ya fitar da shi, don ba ya narkewa sosai a ruwa; sai an wanke an shanya a iska kwana da kwanaki har warin ya ɓace gaba ɗaya. Ga kuma yara masu rarrafe da ke ɗaukarsa a zaton alewa ce. Gidan da ke da mai ciki, ko jariri, ko ƙananan yara, a fitar da shi kawai.

In aka zo zaɓi, ya danganta da irin ɗakin da irin kayan. Uwargidan da ke sama a bene, ɗakinta na samun iska da rana, ƙullin kanumfari ko kajiji da turarenta na kabbasa sun ishe ta, gawayi sai daga Mayu zuwa Oktoba. Wadda ke ƙasa, bango na tsattsafo, ta manta da zancen ƙamshi tukuna: khal, janye durowa daga bango, gawayi mai yawa a kowane hawa, sai warin rima ya mutu sannan ta kawo kanumfari. Ɗan kasuwa ko ɗan acaɓa da ke raba ɗaki da abokai, kayansa a jakar Gana-mas-go, soda a ƙulle da sabulu ɗaya a kwali sun wadatar, da sharaɗin kada rigar da aka yini da ita ta koma cikin wankakku, kuma kada jakar ta kwana a kan siminti. Durowar jariri kuwa gawayi kaɗai, ninki biyu, can ƙurya inda hannu ba ya kaiwa, ba kanumfari, ba humra, ba komai.

Manyan kayan da ba a sawa sai Sallah ko biki, babbar riga da shaddar da aka kai wa masu bugu, su ne suka fi shan wahala, don sun fi daɗewa a rufe kuma sun fi sitaci. In za a ajiye su na watanni, gara a wanke a ajiye ba sitaci, a sa in lokacin sawa ya matso. A naɗe su a tsohon zanin auduga maimakon leda, kada a danna su har durowa ta ƙi rufuwa. Ranar da gari ya buɗe, tsakanin sha biyu da la'asar, a jawo durowoyi a bar su a buɗe, a kunna fanka in akwai wuta. Rinanniyar shadda a juya bayanta a shanya a inuwa mai iska, don rana tana cin launi. Hunturun Legas gajere ne, daga Disamba zuwa Janairu, wata shekarar ma 'yan kwanaki ne ake jin sa sosai, to a cikinsu ne ya kamata a fito da adaka da akwatunan lefe a zazzage, a busar da ɓawon lemo da gawayi.